Ƙofar da Hadi Ya Huda wa Muryar Babansa

Da sunan Allah na fara, wanda ba a ɓoye masa murya, ko ta wanda ya yi ƙasa da ita.

Hadi ɗan wan maigidana ne. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da nawa, a ƙauyenmu da ke ƙasar Tsanyawa, inda gonar wannan take ƙarewa a bakin ta wancan, ba ka samun taku ɗaya na ƙasa da ba shi da mai shi. A kasuwa Hadi mai rediyo ake ce masa. Mu a gida Hadi ne kawai, ko da yake ya ba arba'in baya, furfura ta fara leƙowa a gemunsa.

Shekarar da aka kawo ni gidan nan aka haife shi, kuma shi ne ɗan fari a wurin Yaya Dallatu, wan maigidan nawa. Yaran yanzu ba su san nauyin wannan ba. Yaya Dallatu mutumin da ne, kunyar ɗan fari ta kama shi har ƙashi. Bai taɓa ɗaukar Hadi a hannu ba, bai taɓa kiran sunansa ba har yau ɗin nan. In zai aike shi, sai ya kalli rumbu ya ce, "A samu wani ya kai jakin nan gona." In ana zancensa kuwa, "wannan yaron" ne. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani. Na sha ganinsa tsaye a bakin zaure yana kallon hanyar mota ranar da Hadi zai dawo daga Kano, da ya hango shi sai ya juya ya nufi masallaci, kamar dama can za shi.

Saboda haka a ɗakinmu Hadi ya tashi. Baffansa, marigayi maigidana, shi ne abokin hirarsa da tsokanarsa. Yana da shekara goma ya kwance rediyon marigayi da wuƙar yankan kuɓewa, wai yana so ya ga abin da ke sa ta ƙara in hadari ya taso. Na ɗauka za a yi duka. Marigayi ya dubi kayan cikin rediyon a baje a kan tabarma, ya ce, "To, tunda ka iya fiɗa, saura ka koyi ɗinki." Ranar kasuwa ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani mai gyara a Tsanyawa. Daga can ya wuce Kano, ya yi shekara shida a wata rumfa a Sabon Gari. Bai dawo ba sai da mahaifiyarsa ta rasu, ya ga ba mai tsaya wa tsohon a gona.

Tun daga nan ya raba kansa biyu. Da damina yana gona, gero da wake da gyaɗa. Ranar kasuwa yana rumfarsa, rediyo da tocila da fitilar sola jibge a gabansa. Ba shi da yawan magana. In an kawo masa abu, kafin ya ɗauki sukudireba sai ya kara shi a kunne ya girgiza, sannan ya sansana, wai abin da ya ƙone da warinsa yake faɗa. Matarsa Aina'u takan ce da ita ma da batir take aiki, da ta fi haka samun kulawa.

A garinmu duk Juma'a bayan La'asar ana zaman begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a gindin darbejiyar ƙofar masallaci. Tun kafin a kawo ni ake yi. Mutum huɗu ne a tabarmar gaba. Malam Kamaruddeen ke ja, muryarsa har bakin titi, sauran ukun suna amshi: ladanin gari, da marigayi, da Yaya Dallatu. Mu mata muna cikin gida muna ji ta lasifikar da ake ɗaurewa a reshe, hannu yana aiki, baki yana bi a hankali. Yaya Dallatu ya so a ce Hadi ya gaje shi a tabarmar nan, har ya sa baffansa ya gwada shi, amma Allah bai ba shi muryar ba. Marigayi ya ce in Hadi ya yi amshi, awakin maƙwabta ne ke amsa masa. Sai ya zama wurinsa a zaman shi ne bayan miksa.

Miksar nan wani ɗan baƙin akwatin ƙarfe ne, bai kai tiren mai shayi ba, ana rataya shi a kafaɗa, da batirin babur yake aiki. Ta hannu ya saye ta a Kano. Makirfo huɗu ke shiga cikinta, kowane da lambarsa da abin murɗawarsa, amma hanya ɗaya ce ke fita zuwa lasifika. Aikinta ke nan, ta karɓi murya huɗu ta dama ta fitar da ɗaya. Da ita yake zuwa suna da walima da wa'azi. Wani lokaci yakan ɗauki zaman Juma'a a rakoda, ya zuba wa masu so a memori.

Shekara uku ke nan da Allah ya karɓi ran maigidana. Da na fita takaba sai na shiga sa memorin nan a 'yar rediyona ina nemansa. Yana ciki, na san yana ciki, kamar yadda kake sanin akwai gishiri a miya. Amma da na ce ga shi nan, sai ladan ya hau kansa, ko Malam Kamaruddeen ya taso ya rufe su duka. Rannan na kira Hadi na miƙa masa.

"Hadi, ka cire min sauran."

"Waɗanne sauran, Inna?"

"Sauran mutanen mana. Ka bar min baffanka shi kaɗai, ko na minti ɗaya ne. Kai ka sa su a ciki, ai ka san ta inda za ka fito da su."

Ya daɗe yana juya memorin a tafin hannunsa. Can ya ce, "Inna, in kin dama fura, za ki iya mayar wa mai nono da nononta?"

Na ce a'a.

"To haka miksa take. Tun a cikinta suka haɗu, kafin su isa rakoda. Da na tare muryar Baffa tun kafin su haɗu, da yanzu tana hannunki." Ya dunƙule memorin a hannunsa. "Shekara goma sha ɗaya ina zaune a bayan akwatin nan, Inna. Ban taɓa kawo wannan a raina ba."

Har Kano ya kai memorin wurin masu kwamfuta. Suka ce da kiɗa ne da murya da sun gwada, amma mutum uku suna faɗin kalma ɗaya a lokaci ɗaya, ba mai raba su. Na ce masa ba komai, haka Allah ya so. Amma na ga maganar ta zauna masa.

A daminar da ta wuce, ana tsakiyar maimai, Yaya Dallatu ya yanke jiki ya faɗi a gona. Aka kai shi asibiti, suka ce zuciya ce ta gaji. Ya samu sauƙi ya koma tabarmarsa ta Juma'a, amma Hadi da ke zaune kusa ya ce yana ganin yadda ƙirjin tsohon ke hawa da sauka bayan kowane amshi. Wata safiya ya shigo ya durƙusa ya gaishe ni, ya ƙi tashi.

"Inna, ki roƙar min Baba. Ya zauna a ɗaki in ɗauki muryarsa shi kaɗai. Ni ba zan iya buɗa baki in ce masa ba."

Tun rasuwar ƙaninsa, Yaya Dallatu yana shigowa gaishe ni duk Asabar da hantsi. Ba ya zama. Daga bakin zaure yake tsayawa ya tambayi lafiya, ya tambayi rumbu da awaki, ya wuce. Asabar ɗin nan na tare shi da maganar.

"Ni kaɗai?" Ya dube ni kamar na ce ya hau darbejiya. "In tasa ƙarfe a gaba ina rerawa kamar mai tallan maganin basir a kasuwa? Asma'u, bege ba wurin nuna murya ba ne. Wanda ya ware kansa don a ji shi, a kunnen mutane ya karɓi ladansa. Kuma ni amshi na iya. In ba a ja ba, me zan amsa?" Ya gyara riƙon sandarsa. "Wa ma ya kawo wannan shawarar?"

Na ce, "Wani ne."

"To ki gaya wa wanin ciyawa na nan tana cin waken gonar rafi."

Hadi yana bayan katanga, ya ji komai. Bayan kwana biyu sai ga shi da miksar a cikin buhun taki, don a gidansu tsohon zai gani.

"Inna, ba zan ware shi ba. Yana tabarmarsa, yana cikin mutanensa, lasifika ta fitar da su tare kamar kullum. Ni dai wata 'yar ƙofa zan buɗe wa muryarsa ta gefe, kafin ta isa inda ake damawa. In sa rakoda a bakin ƙofar."

Na ce, "Wannan ba sata ba ce?"

"Sata ce, Inna." Ya sunkuyar da kai. "Shekarata arba'in da ɗaya. In aka tara maganar da Baba ya yi da ni baki da baki, ba za ta cika kofin shayi ba. In ya tafi, me zan riƙe?"

Na miƙe. Na shimfiɗa masa tabarma a inuwar ɗakin girki.

Safiya uku ya yi yana aikin nan. Ya zare abubuwan murɗawa ɗaya bayan ɗaya, ya kwance ƙananan sukurori goma sha biyu, ni kuma na zuba su a tasa na rufe saboda kaji. Da ya ɗaga murfin sai ga wani koren allo, wanda yake ce wa fanel, cike da siraran layukan jan ƙarfe kamar kunyoyin gona in ka hango su daga kan tudu. Ba shi da takardar da ke nuna wace hanya ta nufi ina. Dole ya bi hanyar lamba uku da kansa, don ita ce ta babansa, tun daga inda makirfo ke shiga. Ya ɗaura tsinin waya a jikin abin sauraronsa na kunne, ya ce yana son ƙarar da ba ta yankewa a bakin makirfon.

"Ki yi magana, Inna. Ko ƙirga ne."

Na ce ni ba zan sa muryata a makirfo ba, ko da lasifika a kashe take. Sai ya ajiye shi a gaban kazata mai 'ya'ya, wadda ba ta rufe baki tun asuba. Tana ganinsa ta yi tsit, ta kwashe 'ya'yanta ta koma bayan rumbu. A ƙarshe sabuwar gyaɗa na ɗebo na zauna ina ɓarewa a bakin makirfo, ƙas, ƙas, shi kuma yana bin ƙarar a cikin allon. Ya taɓa nan ya saurara, ya matsa gaba ya taɓa.

Yana yi yana gaya min, ko kuwa kansa yake gaya wa. A farkon hanya ƙarar 'yar mitsitsiya ce, kamar daga cikin rijiya. Gaba kaɗan akwai wani baƙin abu mai ƙafafu takwas da ke ƙara mata ƙarfi, tana wuce shi ta fito tar. Gaba da nan kuma abin murɗawa ne, in ya tare ta a bayansa, duk lokacin da ya rage babansa a lasifika, a rakoda ma sai ya ragu. Ya ɗora tsinin a wani ɗigon dalma ya ce, "Nan, Inna. Ta riga ta yi ƙarfi, ba a kuma taɓa ta ba tukuna."

Ba mu ga wutar lantarki ba a makon, saboda haka a kurfotina ya gasa ƙarfensa na narka dalma, ina fifita gawayin da faifai. Kafin ya ja wayar sai ya liƙa abu biyu a bakinta. Ɗaya kamar ƙwayar wake mai ƙafa biyu, ya ce kwandansa ne, zai bar murya ta wuce ya hana wutar batir bin ta. Ɗayan siriri mai ratsi-ratsi, ya ce shi kuma don ko rakoda ta samu matsala, kar ta ja muryar ta rage wa lasifika. "Mai leƙe ba ya tare wa masu gida hanya, Inna." Mutumin da bai taɓa ɓata rediyon kowa ba, ranar sai da dalma ta ɗiga masa ta haɗe layi biyu. Ya ce innalillahi, ya ɗauki reza ya shiga kankarewa, harshensa a waje kamar lokacin yana yaro.

Rana ta uku ya aro abin huda na hannu wurin kafinta. Ya rufe allon da tsumma don kar garin ƙarfe ya zuba a kai, ya huda gefen akwatin, ya ɗaura soket. Da ya gwada sai wani ƙugi ya cika masa kunne, kamar ƙudan zuma a tulu. Ya zauna ya zuba wa abin ido har na gama tankaɗe. Can ya bugi goshinsa, ashe waya ɗaya ya manta, wadda ke haɗa soket da jikin akwatin. Yana liƙa ta ƙugin ya ɗauke. Ya miƙo min abin kunnen na sa a ƙarƙashin mayafi. Na ɓare gyaɗa ɗaya, na ji kamar an faskara itace a tsakiyar kaina. Har numfashina na ji.

Juma'a ta zo. Ya haɗa komai, ya ɓoye rakodar a ƙarƙashin buhu, wayarta a sabuwar ƙofa. Yaya Dallatu ya zauna a wurinsa ya ɗauki lamba uku. Malam Kamaruddeen ya gyara murya ke nan sai ga Alhaji Abdulkabir, wani dattijo daga garin da ke gabanmu, ya zo ta'aziyya ya tsaya sallar La'asar. Ya girmi Yaya Dallatu da shekara biyu. Kafin ya gama sallama tsohon ya miƙe, ya ba shi wurinsa, ya damƙa masa makirfon da hannu biyu, shi kuma ya matsa gefe ya ɗauki lamba huɗu, wadda tun rasuwar marigayi duk wanda ya samu yake riƙewa.

Hadi ya ce sai ya ji kamar an zuba masa ruwan randa. Ba zai tashi ya ratsa dattawa ya ce wa ubansa ga inda zai zauna ba. Musanya wayoyin a jikin miksa ma ba hali, don ta lamba huɗu tun bara take rawa, da salatif ya ɗaure ta, in ka taɓa ta sai lasifika ta yi tsawa a tsakiyar yabon Annabi. Haka ya zauna yana kallo har aka shafa fatiha.

Da aka tashi ya shigo wurina, Aina'u ta biyo shi, ya kunna mana. Minti arba'in na Alhaji Abdulkabir. Tarinsa, da taunar goronsa, da amshin da rabinsa ya sani rabi kuma yana gunguni. A tsakiya har ya karkata yana tambayar na kusa da shi a hankali ko motar garinsu ta ƙarshe ta tashi. Aina'u ta yi dariya har ta riƙe ciki.

"Ka ga ka huta, mai rediyo. Ka tafi neman uba ka dawo da na wasu. Ka kai wa 'ya'yansa, ko goron da ya rage sa ba ka."

Ni ma sai da na rufe baki da mayafi. Hadi bai yi dariya ba.

"Laifina ne. Na auna waya, ban auna Baba ba. Mutumin da ko a zaurensa ba ya zama in baƙo yana tsaye, ni na ɗauka zai manne a lamba uku."

A makon nan kwana biyu Yaya Dallatu bai iya fita sallar Asuba a masallaci ba, numfashi ya hana shi. Ranar Litinin Hadi ya dawo da buhunsa tun rana ba ta yi zafi ba. Wannan karon duka huɗun ya bi, kowace lamba da ƙofarta, don duk inda tsohon ya matsa, wayar rakoda kawai zai zare ya mayar, lasifika ba za ta sani ba. Ya gyara bakin lamba huɗu ya yar da salatif. Na ɓare gyaɗar da ta ishe ni ƙuli-ƙulin wata guda. Da ya gama ya ɗauki ƙusa ya zana ɗaya, biyu, uku, huɗu a ƙarƙashin ramukan.

Juma'ar da ta biyo baya tsohon ya fito, a hankali, yana dogara sanda. Hadi ya ce da ya zo wucewa ta gaban miksa sai ya ɗan tsaya, ya dubi gefenta, ya ce wa ladan, "Gara ta fara cin ƙarfe a garin nan." Ya wuce ya zauna. Ba baƙon da ya zo ranar.

Hadi bai iya saurara shi kaɗai ba. Washegari da hantsi ya shigo da rakodar da wata 'yar lasifika, ya zauna a tsakar gidana, ya yi bismillah ya kunna a hankali.

Shekara arba'in ina jin Yaya Dallatu a cikin mutane, ashe ban taɓa jin sa ba. Murya ce mai kauri, mai ɗan kaushi kamar dutsen niƙa, ba ta hawa sama, a ƙasa take tafiya tana ɗauke da sauran. Su Malam Kamaruddeen suna can nesa kamar daga wani gari. Bayan kowane amshi kana jin yadda yake jawo numfashi, da ɗan fito a ƙarshensa. Kana jin carbinsa. A inda ake ja, lokacin da ya kamata ya huta, ashe ba ya hutawa, salati yake yi ƙasa-ƙasa wanda ko na kusa da shi bai taɓa ji ba. Kuma a wutsiyar amshi yana sauke muryar ya ɗan karya ta, yadda ƙaninsa yake yi in yana alwala yana bi shi kaɗai. Ciki ɗaya suka fito. Na tashi na shiga ɗaki kamar zan ɗauko wani abu.

Da na fito Hadi yana nan yadda na bar shi, hannunsa biyu a kan gwiwa, hawaye yana bin gemunsa bai share ba. Daga ni har shi mun manta ranar Asabar ce.

"Salamu alaikum."

Hadi ya zabura zai kashe. Tsohon ya ɗaga sanda daga bakin zaure, alamar a bari. Ya tsaya yana ji. Amshi ɗaya ya wuce, na biyu, na uku. Sannan ya dube ni.

"Wane tsoho ne wannan yake haki haka? Ba mai ba shi ruwa?"

Ya ƙara kasa kunne, ya sake tambaya.

"Ina sauran?"

Na ce, "Suna nan, Yaya. A lasifika tare kuka fita kamar kullum. Taka ce kawai aka tara ta gefe."

"Shi ya sa gara ta ci akwatin."

Hadi ya kashe rakodar ya durƙusa, kansa a ƙasa. "Baba, na yi laifi. In ka ce a goge, yanzu a gabanka zan goge."

Yaya Dallatu bai dube shi ba. Rumbu ya kalla. "Asma'u, tambayi wannan yaron, me zai yi da ita?"

"In riƙa ji, Baba."

"Ba ya ji na duk Juma'a?"

"A cikin mutane, Baba."

Daga inda nake na fara jin fiton nan a ƙirjin tsohon. Sai ya tako ya shigo tsakar gidan, ya zauna a kan turmina da ke kife, abin da bai taɓa yi ba tun da nake gidan nan. Ya ɗora haɓarsa a kan sanda. Kazar ta zo ta wuce ta gabansa da 'ya'yanta, ya bi su da ido har suka shige.

"Ki gaya masa kar ya goge."

Hadi ya ɗago.

"Amma ki gaya masa da sharaɗi. Muddin ina numfashi, kar kunnen kowa ya sake jin wannan abin. Har nasa. Ba za a ce Dallatu yana raye ya ware kansa ana zagayawa da muryarsa a aljihu ba. Ranar da aka kai ni aka dawo, aka share makoki, abinsa ne. Lokacin ba ni da sauran abin nunawa."

"Na ji, Baba."

"Ke nake gaya wa, Asma'u."

Na ce, "Zan gaya masa, Yaya."

Ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta ƙi. Hadi ya matso ya miƙa hannu, ya tsaya a tsakiya bai san ko ya taɓa shi ba. Tsohon ya dafa kafaɗarsa ya miƙe, idonsa a wani wurin, kamar gini ya dafa. A bakin zaure ya juyo.

"Kuma tunda ya huda har huɗu, Kamaruddeen da ladan ma suna da 'ya'ya. Ya je ya same su. Amma ya tambaya fa, ba irin wannan ba."

Ya fita. Hadi ya daɗe a tsaye yana riƙe da kafaɗar da aka dafa. Daga baya ya zare memorin daga rakoda, ya naɗe shi a takarda, ya ɗaure da zare, ya miƙo min.

"Ki ajiye, Inna. In yana wurina ban yarda da kaina ba."

Malam Kamaruddeen bai bari an gama tambayarsa ba ya yarda, har ya ce a ƙara masa ƙarfi. Ladan ya ce sai ya yi shawara da malaminsa, har yanzu yana shawarar. Hadi yana nan a rumfarsa ranar kasuwa, yana girgiza rediyon mutane a kunne. Yanzu wata bakwai ke nan, zafi ya yi zafi, ana ta gyaran gona ana duban gabas. Yaya Dallatu yana fita zaman Juma'a in jiki ya bari. Hadi ya ce wani makon leɓensa kawai ke motsi, amma ba ya barin kowa ya karɓi makirfon sai in baƙo ya zo.

Ƙullin takardar yana ƙasan akwatina, cikin zanen da ba na ɗaurawa. Hadi bai taɓa ce min in ɗauko ba. Sai dai wata Juma'ar in an tashi, yakan biyo ta nan da miksar a kafaɗa, ya zauna a bakin tabarma ya sha ruwa, idonsa ya riƙa zuwa ƙofar ɗakina.

Sai in ce, "Yana nan."

Shi kuma ya ce, "Allah ya sa ya daɗe a nan, Inna."

In ce amin.